Tsirkiya mai sassauci ga jitar nailan: shin ita ce maganin ciwon yatsu?

Kawu Na Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa makaɗa. Ina neman shawararku. Na haura shekara 60, kuma tun ina saurayi nake taɓa jita irin ta Sifaniya, mai tsirkiyar nailan. Shekara biyun nan gindin babban yatsana na hagu yana ciwo, musamman idan na gicciya manuniya na danne tsirkiyoyi shida a gaɓar farko ta wuyan jitar. Minti 20 nake yi sai na ajiye. Kullum mai tsauri nake ɗaurawa, don tun farko aka ce mini ita ta fi ƙara. Yanzu ina so in koma mai sassauci, amma tsirkiya ta yi tsada, daga Legas ake aiko mini, ba na so in saya in jefar. Wadda za ta sauƙaƙa wa hannu ba tare da ta kashe muryar jita ba nake nema. Na biyu kuma, jikana ya kamu da son kiɗan filamenko na kudancin Sifaniya, shi ma yana tambaya ko mai sassaucin ce ta dace da shi. Allah ya saka da alheri.

Autan Zango:
Wa alaikumus salam Kawu. Allah ya ƙara sauƙi. Ni D'Addario EJ43 nake amfani da ita, ita ce mai sauƙin ja a jerinsu na Pro-Arté. EJ45 matsakaiciya, EJ46 mai tsauri, EJ44 mai tsauri sosai. Ka gwada 43 ɗin.

Mai Gyara Na Jos:
Kawu, Allah ya ƙara lafiya. Kafin ka kashe ko sisi, ɗauko rula mai milimita ka auna mini abu ɗaya. A gaɓa ta 12, daga saman ƙarfen gaɓar zuwa ƙasan tsirkiya, nawa ne? Ka auna ta shida mai kauri, ka auna ta ɗaya siririya. Kada ka danna komai, bar ta yadda take. Shekara da shekaru ina gyaran kayan kiɗa, kuma yawancin masu zuwa mini da kukan "tsirkiya ta yi tauri" ba tsirkiyar ce ke da laifi ba. Jitar gargajiyar Sifaniya idan an saita ta daidai, tazarar takan kama milimita 4 a mai kauri, 3 a siririya. Na sha karɓar wadda ta kai 6. Irin wannan ko zaren ɗinki ka ɗaura mata sai ta wahalar da kai.

Kawu Na Tudun Wada:
Na auna, ɗana. Mai kauri 5 da rabi, siririya ta kusa 4 da rabi. Ban taɓa aunawa ba tun da na saye ta.

Malamin Fiziks:
Allah gafarta Kawu, to ga inda gizo ke saƙa. Bari in ɗan yi lissafi, don maganar Mai Gyara tana da tushe.

Jimillar jan da tsirkiyoyi shida na nailan ke yi wa jita yana tsakanin kilo 35 zuwa 42 ne, gwargwadon irin da aka ɗaura. Idan ka dubi alƙaluman da kamfani ɗaya ke bugawa a bayan fakiti, tsakanin mai sauƙi da matsakaiciya bai wuce kilo 2 zuwa 3 ba. Wato kusan kashi 6 cikin 100. Dubi kaurin tsirkiya ta ɗaya a jerin da Auta ya ambata: mai sauƙi kusan milimita 0.70, matsakaiciya 0.71, mai tsauri 0.72. Ido ba zai raba su ba.

Ƙarfin da yatsa ke bukata ya kai tsirkiya ƙasa kuwa ya dogara ga abu biyu a tare: yadda take a ɗaure, da nisan da za ka tura ta. Idan nisan ya ninka, aikin yatsa ya ninka. Kawu yana tura ta milimita 5 da rabi. Idan aka maido ta 4, an rage masa fiye da kwata na wahalar, kashi 27 cikin 100 kenan, ba tare da ya canza tsirkiya ba. Sauya fakiti daga mai tsauri zuwa mai sauƙi gaba ɗaya ba zai ba shi ko rabin wannan ba. Ba cewa nake mai sassauci ba ta da amfani ba. Tana da shi. Amma a fara da babban abu.

Anti Mai Koyar da Kiɗa:
Malam, lissafinka daidai ne, amma ina da ja a wuri ɗaya. Ina koyar da yara 'yan shekara 9 zuwa 14, kuma na ga da idona cewa kashi 6 ɗin nan da kake rainawa hannu yana jin sa. Ba dannawa kawai ake yi ba. Hannun dama yana fizgar tsirkiya da farce, kuma mai sassauci tana bin yatsa, tana sakinsa cikin laushi. Girgiza sauti da yatsan hagu ma ya fi sauƙi a kanta. Yarinyar da ta kasa fitar da sauti mai tsabta a sati uku, na canza mata tsirkiya kawai ta fara jin daɗin abin. Kawu, ka gyara tazarar, na yarda, amma kada a hana ka gwada mai sassaucin. Kuma don Allah ciwon yatsan nan a nuna wa likita, kada a bar wa tsirkiya shi kaɗai.

Malamin Fiziks:
Anti, ban musa ba. Abin da yatsa ke ji ba ja kaɗai ba ne, har da yadda tsirkiyar ke miƙuwa idan an tura ta gefe, da kaurinta a kan fata. Wannan ne ma ya sa tsirkiyar kabon, wata irin roba da ba nailan ba, ke yi wa mutane zafi: ta fi nailan nauyi, kusan 1.8 a kan 1.1 idan aka gwada su da ruwa, don haka ake yin ta siririya. Siririn abu a ɗaure kuwa yana nitsewa cikin fatar yatsa. Mai ciwon hannu ya nisanci kabon ko da an rubuta mai sauƙi a jikinta.

Ɗan Sebiya:
Salamu alaikum. Kawu ina gaisuwa, ya jiki? Bari in amsa ɓangaren jikanka, tunda shekara shida ke nan ina zaune a Sebiya ta ƙasar Sifaniya, kuma ina ɗaukar darasi a wajen wani dattijo a unguwar Tiriyana.

Da na zo, ni ma na ɗauka filamenko sai da tsirkiya mai sassauci, saboda yadda na ga hannunsu na gudu kamar ruwa. Ashe laushin ba daga tsirkiya yake ba, daga ƙirar jitar yake. Jitar filamenko daban ce da ta gargajiya ko da ido ya ga kamar ɗaya ne. Wadda suke kira fara, bayanta da gefenta itacen saifires ne, mara nauyi, wasu ba su kai kilo 1 da rabi ba. Wadda suke kira baƙa, ita ce mai itace mai duhu irin na jitar gargajiya, shahararren makaɗi Paco de Lucía ne ya sa ta yi suna. Dukansu tsirkiyarsu kwance take kusa da wuya, milimita 3 ko ƙasa da haka a gaɓa ta 12, kuma a wajen jaki, wato katakon da ake ɗaure tsirkiya a kan allon gaba, tsakanin tsirkiya da fuskar jita kusan milimita 8 ne kacal. An yi haka ne don yatsa ya iya bugun allon gaba yayin da ake kiɗa, abin da suke kira golfe. Shi ya sa ake manna mata faifan roba a fuska don kada farce ya huda ta.

To ka ga tsirkiyar da ke kwance haka, idan ka ƙara mata sassauci, faɗin lilonta zai ƙaru, ta riƙa dukan ƙarafan wuya. Ɗan kaɗan ana so. Idan ya yi yawa sauti ya mutu, sai ƙarar ƙarfe kawai. Sannan akwai fikado, gudun yatsu biyu a kan tsirkiya ɗaya: kana bukatar tsirkiyar ta komo mazauninta kafin yatsa na biyu ya iso. Mai sassauci sosai takan makara, sai yatsa ya same ta ba inda ya zata ba. Saboda haka yawancin makaɗan da nake gani suna raka mawaƙa da masu rawa matsakaiciya suke ɗaurawa, wasu ma mai tsauri, don sautin ya ratsa tafi da bugun takalmi.

Amma malamina, wanda ya haura 70, mai sauƙi yake sa wa tsohuwar farar jitarsa, kuma ya ce allonta siriri ne, idan aka ja shi da ƙarfi sai ya shaƙe. Na ji da kunnena, gaskiyarsa ce. Rasgeyadonsa, wato watsa yatsu huɗu a kan tsirkiyoyi, yana fita a bushe, tas, ba ya jan jiki. Don haka ba amsa ɗaya ba ce. Jikan naka wace jita ke hannunsa?

Kawu Na Tudun Wada:
Tawa yake ɗauka idan na ajiye, ɗana. Ba shi da tasa tukuna.

Ɗan Sebiya:
To a wannan halin mai sassaucin za ta taimake shi. Jitar gargajiya tazararta na da yawa, ba za ta yi ƙarar ƙarfe da wuri ba, kuma farcensa zai huta yayin da yake koyon rasgeyado. A samo masa sehiya, abin maƙale wuyan nan, ya sa a gaɓa ta 2 ko ta 3. Ba ta rage jan tsirkiya, amma tana kwantar da ita kusa da wuya, ta kuma rage faɗin da yatsu za su buɗe. Kuma a manna faifan kariya kafin ya fara bugun allo, in ba haka ba wata ɗaya zai cinye fentin.

Ɗan Damagaram:
Maganar ƙarar ƙarfen nan da Ɗan Sebiya ya ce ana so kaɗan ta tuna mini da ceba. Makaɗan garaya da molo a wajenmu da gangan suke soka ɗan faifan ƙarfe mai zobba a kan wuyan abin kiɗa don ya riƙa zirr tare da sauti. In babu shi sai ka ji kiɗan ya yi tsirara. Kunnen Bahaushe bai ƙi wannan ƙarar ba ko kaɗan. Ina ganin shi ya sa filamenko ke shiga ranmu da wuri.

Tambayata daban ce. Nan wajenmu kowa jitar ƙarfe yake kaɗawa, irin ta mutanen Agadas, tsirkiyar nailan sai an aiko daga Yamai ko Kano. Akwai siririyar tsirkiyar ƙarfe a kasuwa. In ɗaura wa jitar nailan ita mana, tunda siririya ce?

Mai Gyara Na Jos:
Don Allah kada ka yi. Ina roƙonka. Tsirkiyar ƙarfe ta jitar da ba ta lantarki, wadda ake kira mai sauƙi ma, jimillar janta ya kai kilo 70. Jitar nailan an ƙera ta ne don kusan 40. Jakinta da gam kawai aka manna a kan allon da kaurinsa bai kai milimita 3 ba, kuma galibinsu babu sandar ƙarfe cikin wuya da za ta riƙe shi. Wata uku da suka wuce wani yaro ya kawo mini tasa, wani mai shago ne ya ɗaura masa ƙarfe ya ce ai duk ɗaya ne. Jakin ya ɗaga ya tafi da tsokar allon, wuyan ya lanƙwashe. Kuɗin gyaran ya fi kuɗin jitar. Yaron nan har hawaye ya yi, don ta mahaifinsa ce. Ko siririyar ƙarfe ta jitar lantarki da janta ke kusa da na nailan, za ta yanke ƙashin jaki, ta cinye robar makullai, kuma ba za ta zauna daidai a sauti ba.

Ɗan Damagaram:
Na ji, na bari. Na gode Yaya.

Tsohon Ɗalibi:
Akwai abin da ba a faɗa ba tukuna, kuma shi ya fi cin kuɗin mutane. Kalmar da ke jikin fakiti ba ma'auni ba ce. Babu wata hukuma da ta ce daga kilo kaza zuwa kaza shi ne mai sauƙi. Kowane kamfani da danginsa yake gwada 'ya'yansa. Matsakaiciyar wani ta fi mai tsaurin wani ja.

Ga waɗanda na sani. Hannabach na Jamus, jerin 815, da launi suke rabawa: rawaya mai sauƙi sosai, kore mai sauƙi, baƙi matsakaici, shuɗi mai tsauri, ja mai tsauri sosai. Amma mutanen Hannabach hannunsu da nauyi, korensu ma za ka ji ta cika yatsa. Suna da jerin 827 na filamenko. Savarez na Faransa, tsohon jerinsu na 520, farin kati shi ne mai sauƙi, ja a tsakiya, rawaya a sama. Ka lura, rawaya a Jamus ita ce ƙasa, a Faransa ita ce sama. Sirarar 520 kuma an goge su ne, suna da ɗan kaushi, ba sa zamewa, amma suna ɗan shuu a farce. Augustine na Amurka: baƙi mai sauƙi, ja matsakaici, shuɗi mai tsauri, sai dai bambancin a masu kauri ukun da aka naɗe da waya yake, sirarar ukun iri ɗaya ne a tsohon jerin nasu. Wanda ciwonsa a sirara yake, sauya launin Augustine ba zai canza masa komai ba. La Bella suna da jerin 2001, har da na filamenko mai sauƙi, da tsohuwar 820 mai nailan launin ja.

Shawarata: ka juya fakiti ka karanta alƙaluman kilo, ka tara shida, ka kuma duba a wane tsawo aka auna. In babu a jiki, yana shafinsu na intanet.

Malamin Fiziks:
Maganar tsawo na da muhimmanci. Ja yana tafiya ne da tsawo sau tsawo. Jita mai milimita 650 ita ce gama-gari. Idan taka 660 ce, tsirkiya iri ɗaya za ta fi ja da kashi 3 cikin 100. Manyan jitocin kamfanin Ramírez na shekarun 1960 da 1970 masu 664 sun fi da kashi 4 da ɗoriya. Mai 640 kuma ta ragu da kashi 3. Don haka abokinka ya ce "wannan laushi gare ta", kai ka ɗaura ka ji tauri, duk ba wanda ya yi ƙarya.

Kawu, ga gwajin da ba zai ci maka kuɗi ba. Da tsirkiyar da ke kai yanzu, sassauta dukansu shida da gaɓa ɗaya, wato sautin Mi na tsirkiya ta ɗaya ya koma Mi mai faɗuwa, sauran ma haka. Manhajar saiti ta waya za ta nuna maka. Wannan kaɗai ya rage ja da kashi 11 cikin 100, kusan kilo 4. Daga mai tsaurin da kake kai, ka sauka kusan daidai da mai sauƙi kenan. Ka kaɗa kwana uku. Ka saurari hannunka, ka saurari jitar. In muryarta ta buɗe ta yi zurfi, allonta na son sassauci. In ta koma kamar ana kaɗa ta cikin bargo, to allon mai kauri ne, yana bukatar a tura shi.

Anti Mai Koyar da Kiɗa:
Wannan gwajin ina yin sa da ɗalibai. Abu ɗaya zan ƙara: tsirkiya mai kauri da aka sassauta ba ta yin sauti irin na siririyar da aka ɗaure daidai. Takan fi duhu, musamman ta uku. Kada Kawu ya yanke hukuncin launin murya daga nan, ya dai duba hannu da yadda allon ke amsawa.

Ta ukun nan dai, wato Sol, ita ce matsalar kowane fakiti mai sassauci da na taɓa ɗaurawa. Ita ta fi kauri cikin sirara, janta kuma kaɗan ne, sai ta riƙa fita dum-dum, kamar ba 'yar gidan ba. Tsakanin ta huɗu mai naɗin tagulla da ta biyu sai ka ji rami. Abin da nake yi, na bar biyar ɗin yadda suke, in sayi Sol ɗin kabon guda ɗaya in sa. Tsirkiya ɗaya ba za ta dami yatsa ba, kuma ramin ya cike. Sai dai a kula da ɗaurin: kabon santsi gare ta, a ƙara zagaye ɗaya a jaki, a ɗan ƙona bakinta da ashana ya yi ƙulli kafin a zura. Idan ta kuɓuce tana ɗaure, bulala take yi wa allon, tabon ba ya fita.

Autan Zango:
Anti, to ashe dai ana haɗa tsirkiyar kamfani biyu a jita ɗaya? Na ɗauka laifi ne.

Anti Mai Koyar da Kiɗa:
Ba laifi, ƙanena. Manyan makaɗa ma haka suke yi. Kamfanoni da yawa suna sayar da sirara daban, naɗaɗɗu daban, saboda naɗaɗɗun sun fi saurin mutuwa.

Baba Mai Tarihi:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina so in tsaya wa mai sassauci fiye da yadda aka tsaya mata, domin an mayar da ita kamar sandar gurgu, abin da ake ba yara da tsofaffi. Ba haka ba ne.

Jitar nan da muke riƙe da ita, Antonio de Torres ne ya tsayar da siffarta, mutumin Almeriya, an haife shi 1817 ya rasu 1892. Jitocinsa marasa nauyi ne, allonsu siriri, da 'yan sanduna a ciki shimfiɗe kamar mafici. A 1862 ya ƙera wata mai baya da gefe na kwali, don ya nuna cewa allon gaba shi ne muryar jita. Tana gidan tarihin kiɗa na Basalona har yau. A zamaninsa babu nailan. Sirara uku hanjin tumaki ne, naɗaɗɗu kuma alharini ne aka naɗe da waya. Duk kiɗan da makaɗin jita Tárrega ya tsara, da filamenkon Ramón Montoya, a kan hanji aka haife su. Sai lokacin yaƙin duniya na biyu hanji ya yi wuya, shahararren makaɗin jita Andrés Segovia ya rasa tsirkiya, ya haɗu da Albert Augustine a birnin New York, suka yi ta gwaji da nailan na kamfanin DuPont, har aka fara sayarwa a ƙarshen shekarun 1940. Shi ya sa hoton Segovia yake jikin fakitinsu.

Daga baya ne aka shiga manyan zauruka masu ɗaukar dubban mutane, aka ƙara wa jita girma da nauyi, aka ƙara wa tsirkiya tsauri don sauti ya kai kujerar ƙarshe. To kai Kawu, a wane zaure kake kaɗawa? A ɗakinka ne, ko a tsakar gida bayan isha'i. Me za ka yi da tsirkiyar da aka yi don zauren mutum 2,000? A Italiya akwai Aquila, na Mimmo Peruffo, da suka ƙirƙiro Nylgut mai kwaikwayon hanji, suna da jerin Ambra don tsofaffin jitoci marasa nauyi. Na ɗaura wa tawa, kuma a karon farko na ji abin da ake nufi da sauti mai zaƙi. Ba ƙara ba ce ta ƙaru. Kowane sauti ne ya samu jiki.

Mai Gyara Na Jos:
Allah ya ƙara girma Baba. Tarihin ban da ta cewa. Amma da izininka zan ce jitar Kawu ba ta Torres ba ce. Yawancin jitocin da ke hannun mutanenmu na masana'anta ne, allonsu falle-falle aka manna, ga fenti mai kauri kamar gilashi. Irin wannan allon ba ya motsi da ɗan ja. Na ɗaura wa da yawa mai sauƙi sosai, masu su suka dawo suna cewa jitar ta yi barci. Abin da ya yi wa taka kyau, Baba, saboda taka itace ne tsantsa kuma siriri.

Baba Mai Tarihi:
Gaskiya ne tawa itace ce tsantsa. Amma ko da ƙarar ta ragu kaɗan, mutumin da minti 20 ke gajiyar da shi, idan ya samu awa ɗaya, ai ya ci riba. Ni a nan na tsaya.

Mai Gyara Na Jos:
A kan wannan ban ja da kai ba, Baba.

Kawu, ga yadda za a yi aikin. Ƙashin da ke cikin jaki zare shi ake yi, ba a manne yake ba. Don a rage milimita 1 a gaɓa ta 12, sai an ci milimita 2 daga ƙasan ƙashin. Kai kana bukatar rage 1 da rabi, wato 3 kenan. Ka fara duba ko ƙashin ya fito sama da itacen jaki da abin da ya fi haka. In bai kai ba, to wuyan ne ya ɗago, sai an kai wa mai gyara. In ya kai, a shimfiɗa samfefa a kan gilashi, a goga ƙasan a miƙe, kada a taɓa saman. Gara ka ajiye na asalin ka sa a yanka maka sabo. Sannan tunda ciwonka a gaɓar farko yake, a duba ƙashin sama, wanda tsirkiyoyi ke ratsawa a ƙarshen wuya kusa da makullai. Danna tsirkiya a gaɓa ta 3, ka leƙa tsakaninta da ƙarfen gaɓa ta 1: kaurin takarda ya kamata ya rage. In ka ga fili sosai, ramukan ƙashin saman ba su yi zurfi ba, kuma wannan ne ke cin babban yatsanka. Shi kam kada ka taɓa da kanka.

Abu na ƙarshe, yanayinmu. Ana ƙera jita ne a danshin iska kusan kashi 45 zuwa 50 cikin 100. Da hunturu a arewa yakan faɗi ƙasa da 20. Allon ya tsuke ya lotsa, tsirkiya ta sauko, bakin ƙarafa ya fito yana yankar hannu, wani lokacin allon ya tsage. Da damina ya kumbura, tsirkiya ta hau. Yanzu damina muke, awonka na 5 da rabi zai ragu da kansa zuwa Janairu. Kada a ci ƙashin duka yanzu, mai sassauci ta zo ta sami tazara ta yi ƙasa da yawa ta fara ƙarar ƙarfe. Ni ƙashi biyu nake yanka wa mutane, gajere na damina, dogo na hunturu. Da hunturu kuma a jiƙa soso a matse, a sa cikin robar sabulu mai huji, a rufe tare da jitar cikin akwatinta.

Ɗan Sebiya:
Kuma Kawu idan sabuwar ta zo, a ba ta mako guda kafin a yi mata shari'a. Nailan miƙewa take yi kwanaki, kullum sai an ƙara saiti. Kada a kama ta a ja da hannu don ta zauna da wuri, sirarar sukan rame a wuri ɗaya su daina faɗin gaskiya a manyan gaɓoɓi. A canza ɗaya bayan ɗaya.

Kawu Na Tudun Wada:
Salamu alaikum. Na dawo da labari bayan sati uku. Na fara da gwajin Malam, na sassauta gaɓa ɗaya. Hannu ya ji sauƙi, naɗaɗɗun sun yi zurfi, sirarar sun ɗan dushe kamar yadda Anti ta faɗa. Daga nan na kai ta wajen wani mai gyara a nan garin. Ƙashin saman ne ya fi laifi, ramukan ba su yi zurfi ba ko kaɗan. Ya gyara, ya yanka sabon ƙashin jaki, yanzu awon 4 da kwata a mai kauri, 3 da kwata a siririya. Ya ce a bar sauran sai hunturu. Na ɗaura mai sauƙin da aka aiko, yau kwana tara. Jiya na yi minti 50 ban ajiye ba. Ƙarar ta ragu kaɗan, Mai Gyara ya yi gaskiya, amma a ɗakina ta ishe ni, Baba ma ya yi gaskiya. Likita ya ce kumburin gaɓa ne, ya ba ni magani da motsa hannu. Jikana ya samu sehiyarsa, faifan kariya ne har yanzu ba mu samu ba.

Sol ɗin dai tana yin dum-dum ɗin nan. Anti, idan zan yi odar ta kabon guda ɗaya, matsakaiciya zan ce ko akwai mai sauƙi?

Anti Mai Koyar da Kiɗa:
Alhamdu lillahi Kawu, na ji daɗi. Matsakaiciya za ka ce, ita ce ƙasa a yawancin jerin kabon. Ka sayi biyu, don ta farkon takan kuɓuce wa wanda bai saba ɗaura ta ba. Ka sa ɗan kwali a bayan jaki ya rufe allon yayin da kake ɗaurewa.